Ƙusa Ɗari da Sittin da Takwas

Safiyar Alhamis Baba Odilon ya ɗaure ƙyauren gonarsa da sarƙa ya buga kwaɗo, kafin rana ta take ba wanda bai ji ba a garin. Kuma dole a ji. Hanyar baburan ƙanƙara, masu tafiya a kan bel ɗin roba maimakon taya, da ke haɗa garinmu da sauran arewacin Kebek a ƙasar Kanada, ta cikin gonar nan ta ratsa. Hagunta kogi ne da ba ya daskarewa yadda za a amince masa, damanta kuwa dutse. In ƙyauren ya rufe, matafiya sai su zagaya ta wani gari, mu kuwa masauki da gidan mai da gareji kowa ya rungume hannu har sanyi ya wuce.

Solange ce ke karɓo mana izinin wucewar. Shekara goma sha tara ke nan, duk watan Oktoba takan gasa burodi mai nama a ciki, ta ɗauki takarda ta tafi gidan tsohon, ta sha kofinsa mai ɗaci, ta saurari ƙorafinsa a kan farashin madara, sannan ya sa hannu. Sharaɗinsa ɗaya ne bai taɓa canzawa ba: a tsaya tsakanin jajayen turakun da aka kafa, kada kowa ya hau masa fili. Ciyawar shanu ce kwance a ƙarƙashin dusar ƙanƙarar, irin wadda ake shukawa sau ɗaya a shekara biyar ana yanka. Babu wanda ke biyan Solange ko kwabo a kan wannan wahala. Sana'arta daban, bakanikiya ce, ita ta gaji garejin mahaifinta Rosaire.

Tana tsakiyar kwance wani inji Armand ya bugo waya. Shi ne shugaban ƙungiyar masu babura, shi ne kuma mai masauki, mutum ne da in ya ga kwano babu abinci sai ya fara kuka tun kafin yunwa ta zo.

"Solange, tsohonki ya haukace! Ya rufe hanya. Ina da baƙi goma sha huɗu da za su iso gobe, in ce musu me? Su zo da fukafukai?"

"Me aka yi masa?"

"Oho! Wai an shiga masa fili. Ke dai je ki lallaɓa shi, ke kaɗai yake jin maganarki."

Ta same shi tsaye bakin ƙyauren, hula har kunne, hannuwa a baya. Ta gaishe shi, ya amsa da ka. Ya juya ya shiga filin, ta bi shi.

Bana dusar ƙanƙara ta yi mana rowa, a tsakiyar Janairu ko idon sawu ba ta rufewa. Da suka wuce turakun da kamar taku hamsin sai ta ga ɓarnar. Wuri goma sha ɗaya, a jere kamar kunyoyi, an kankare dusar har ƙasa, an yage daskararriyar ƙasar, saiwoyin ciyawa sun fito fili sun yi baƙi. Ba ɓatan hanya ba ne, ba kuma maye ba. Wani ne ya tsayar da babur, ya matsa totur ya fizga, ya zagayo ya sake, har sau goma sha ɗaya. Ban da wuraren tashin, ga sawun zagayensa ko'ina, ya danne dusar ta yi tauri, ta nan sanyi zai sauka ya kashe abin da ƙarfe bai kashe ba.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Shekara goma sha tara na kofi mai ɗaci, wani sakarai ya zubar mata da su a safiya ɗaya. Ta durƙusa ta cire safar hannu don ta ga sawun da kyau, ta ɗauki alwashin duk wanda ta kama sai ya raina kansa. Sai ta ga layukan da ƙusoshin bel ɗin babur suka zana a ƙasa. Uku a haɗe, ɗan gibi, biyu, gibi, uku. Ba layin da ya hau wani. Duk yankin nan mutum ɗaya ne ke jera ƙusa haka, kuma gwiwoyin mutumin ne ke kan ƙanƙara a lokacin: ita kanta.

Ran Litinin ta gama aikin da hannunta. Ƙanenta Gilbert ne ya kawo sabon baburinsa mai ƙarfin doki sama da ɗari biyu, yana ƙorafi wai duk ƙarfin a banza yake tafiya: da ya matsa totur sai bel ɗin roba na ƙarƙashi ya yi ta juyawa wuri ɗaya yana watsa dusa, abokan tsere sun riga sun yi nisa. Ga tseren kan daskararren tafki ran Asabar. Ta yini biyu a kai. Ta huda bel ɗin ta ɗaura ƙusa ɗari da sittin da takwas, kowace ta auna mata inda za ta ciji sabuwar ƙanƙara, don ƙusar da ta faɗa sawun 'yar'uwarta aikin banza ce. Ta sassauta maɗaurin da ke ƙarƙashi don nauyi ya koma baya lokacin tashi, ta gyara kuloci ya daina kamawa da hauka.

Abin kunyar shi ne, tana durƙushe a gaban tsohon da aka cuta, wani ɓangare na zuciyarta daɗi yake ji. Babur ɗin da ke santsi rami yake tonawa. Wannan kuwa ciza ya yi, tsawon kamu huɗu, ya ɓace. Sau goma sha ɗaya, ko sau ɗaya bai zame ba. Ba ta taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Ta ji haushin kanta ya fi na Gilbert.

"Kin gani?" in ji Baba Odilon.

"Na gani, Baba."

"Saniya arba'in da biyu gare ni. Wannan filin ne abincinsu na baɗi. Ba zan san iyakar abin da ya mutu ba sai Mayu. Ni ban hana kowa wasa ba, 'yar nan. Na ba ku hanya kyauta, ku yi ta ƙara mini a kunne wata huɗu, shanuna na firgita, ban ce uffan ba. Sakayyar ke nan?"

"Wallahi ba a kyauta maka ba. Amma Baba, wake ɗaya ne ya ɓata gari. Kada ka hukunta kowa."

"To kawo mini waken. Ki zo mini da sunansa, sannan mu yi maganar ƙyaure. Kafin nan ko limamin coci ne ya zo, ya zagaya."

Sunan yana kan harshenta. Ta haɗiye shi ta ce za ta bincika.

Daga nan gidan Gilbert ta zarce. Shekarunsa arba'in da huɗu, yana aiki a injin yanka katako, yana da mata da 'ya'ya biyu da tumbi, amma har gobe in ya ga sabon abin wasa hankalinsa tashi yake bar masa gangar jiki. Ita ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta koya masa riƙe sifana, don haka ba ta da wanda za ta kai wa ƙararsa. Ta same shi a rumfar motarsa yana goge babur ɗin da tsumma. Bai ma bari ta buɗe baki ba.

"Yaya! Ya kama! Na rantse miki kamar an harba ni daga bindiga. Har wuyana ya ƙage. Ran Asabar sai dai su hango bayana."

"A ina ka gwada?"

Ya ci gaba da gugar da babu datti a wurin. "Can dai."

"Can ina, Gilbert?"

"Haba Yaya, kin san an rufe tafki sai Asabar don kada a ɓata layin tsere. Hanya kuma duk kwana-kwana ce. Ina kike so in je?"

"Sai ka je ka yi noman rani a gonar mutum! Ka san ya rufe ƙyaure?"

"Na ji. Kwana biyu zai huce, kin san halinsa. Ciyawa ce fa. Ciyawa! Ba ta fitowa a banza ko a bakin titi?"

Ta ɗauki gwangwanin man da ke kusa da ita ta maka da bango. Ba ta yi niyya ba, kuma ba ta yi nadama ba.

"Kai jaki ne! Ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa. Ka san sau nawa na zauna a kicin ɗin mutumin nan ina rantse masa cewa mutanenmu masu mutunci ne? Da bakina! Yanzu ka tashi, ka sa rigarka, mu je ka faɗa masa kai ne."

"In faɗa masa? Ki ji ta fa. Dokar ƙungiya kin fi ni saninta, ke kika rubuta rabinta. Duk wanda aka kama ya fita daga turaku an kore shi shekara guda, ba hanya ba tsere. Shekara shida ina zuwa na biyu da na uku, yau da na samu abin da zan ci, in kai kaina mahauta? Bari Asabar ta wuce, ran Lahadi in je har da kwalbar giya in durƙusa masa."

"Baƙin Armand gobe za su zo. Ƙarshen makon nan shi ne kasuwar kowa."

"Armand ba zai mutu ba." Ya jefar da tsumman, shi ma ransa ya soma ɓaci. "Kuma ki daina yi mini kallon ɓarawo. Wa ya ce mini kada in gwada a dusa mai laushi, ba zan gane komai ba? Wa ya ce in nemi wuri shimfiɗaɗɗe mai tauri, dusa kaɗan? Ke ce. Duk garin nan wuri nawa ne haka? Kin san inda zan je tun kafin in fita daga garejinki. Kina so ki ji ko ya kama, kamar yadda nake so."

Maganar ta soke ta, don akwai gaskiya a ciki. Ta faɗi haka, kalma da kalma, tana wanke hannu, hankalinta na kan ƙusoshi ba kan gonar kowa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai dai gaskiyar ba ta sanyaya mata zuciya ba, ƙara hura ta ta yi.

"Na ba ka zuwa gobe sha biyun rana," ta ce. "In ba ka je ba, ni zan faɗa."

Ya yi dariya. "Ba za ki iya ba, Yaya."

Ya san ta, ko kuwa a ce ya san ta jiya. Sau nawa ta tare masa faɗa tun suna yara? Ran Juma'a sha biyu ta yi, ɗaya ta yi, ko ƙeyarsa ba a gani ba. Armand ya bugo sau biyar. Mutum shida cikin baƙinsa sun riga sun fasa, mai gidan mai ya shigo gareji ya tsaya yana zagin wanda ya yi ɓarnar har kakanninsa, bai san kakannin wadda yake gaya wa yake zagi ba. Ƙarfe biyu ta rufe gareji.

Baba Odilon yana kicin. Ya zuba mata kofi ba tare da ya tambaya ba, ya zauna ya jira.

"Gilbert ne," ta ce. "Ƙanena. Na riga na gaya wa Armand ya cire sunansa daga ƙungiya da tsere. Mayu in ta zo, abin da ya mutu za mu sake shuka maka, ni da kaina zan tsaya a kai."

Ta ɗauka in ta faɗa za ta ji sauƙi. Ba ta ji ba. Ta ji kamar ta tsinka wa kanta mari a gaban baƙo.

Tsohon ya juya cokali a kofinsa. "Kin yi abin da ba kowa zai yi ba, na yaba. Amma tsaya ki ji. Gilbert tun yana ɗan shekara sha biyu yake ratsa gonata. Kina tsammani yau ya fara fita daga turaku? Shi da rabin samarin garin nan. Na sha ganin sawunsu, in kau da kai, don roba ce kawai, gobe dusa ta sauka ta rufe. Yaron bai canza ba, wawa ne tun asali. Abin da ke ƙarƙashinsa ne ya canza."

Ta ajiye kofin. Ta gane inda ya dosa.

"Jiya bayan tafiyarki na je na duba gadar katakon da na yi muku a kan rafi," ya ci gaba. "Shekara uku da ta wuce na sa mata sabon katako. Je ki gani, kamar kura ta yi wasa a kai. Simintin gaban rumbuna ma haka. Ke kike zuwa da takarda a Oktoba, ke kuma kike sa musu haƙora a Disamba. Hannun dama na roƙo, na hagu na yanka."

"Baba, ba don tsere kaɗai ake sa ƙusa ba! Ka taɓa taka birki a kwanar da ta zama gilashi? Ƙusoshin nan sun ceci wuyan mutane da yawa. Tambayi matan garin nan wa ke sa wa mazansu."

"Ban musa ba. Mai son wuyansa ya zagaya ta bayan dutse."

"Tafiyar awa biyu ce!"

"To."

"Ka ce in kawo suna! Na kawo maka ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, na ajiye maka a tebur. Yanzu kuma ka ce bai isa ba?"

"Na ce ki kawo suna mu yi maganar ƙyaure. Ga shi muna yi."

Ya miƙe ya ɗauko takardar bana daga saman firji, ya juya bayanta. Ya riga ya rubuta da birkitaccen rubutunsa: daga yau duk babur mai ƙusa a bel ba ya taka ƙasarsa. Ranar da ya ga sawun ƙusa ɗaya, ƙyaure ya rufe ke nan har abada. Ƙungiya za ta sa mai dubawa a bakin ƙyaure duk ƙarshen mako.

"Kuma ke nake so ki fara tsayawa," ya ce. "Sauran duk za a iya yi musu wayo, ke kuwa daga ƙarar babur kin san abin da ke ƙarƙashinsa."

Solange ta ji kamar ta kife masa teburin. Gyaran inji kowa na yi, akwai gareji uku tsakaninmu da babban titi. Ƙusa ce ta sa mutane ke jawo baburansu tafiyar kilomita ɗari biyu su kawo mata. A nan ta fi mahaifinta, a nan kaɗai, kuma ta sani. In babbar hanyar baburan da ke fita daga garin ta haramta ƙusa, wa zai sake kawo mata bel ta huda? 'Yan tseren tafki, mutum goma a shekara, waɗanda daga yau za su san ta a matsayin wadda ta kai ƙarar ƙanenta. Ta dubi tsohon tana neman mugunta a fuskarsa don ta samu abin zagi, ba ta samu ba. Mutum ne mai saniya arba'in da biyu. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

"In na ƙi fa?"

"Sai ki shanye kofinki mu rabu lafiya."

Ta karɓi biron. Ta danna shi har ya huda takardar, amma ta sa hannu. Ya ciro makullin kwaɗon daga aljihu ya tura mata.

Safiyar Asabar sanyi ya kai digiri talatin ƙasa da sifili. Daga bakin ƙyaure ana jin rurin injuna can kan tafki, an fara tsere. Gilbert bai buga mata waya ba. Matarsa ce ta aiko da saƙo layi ɗaya, wai kada ta wahalar da kanta zuwa cin abincin Lahadi. Solange ta kwance sarƙar, ta buɗe ƙyaure, ta tsaya a tsakiyar hanya. Babura sun fi ashirin a layi, Armand na gefe yana ta washe baki yana gaisawa da baƙi kamar shi ya yi aikin.

Biyu na farko roba ce zalla, ta ɗaga musu hannu suka wuce. Na uku Normand ne, direban motar makaranta, dattijo mai natsuwa da bai taɓa tsere da kowa ba. Bara ya zame a wata kwana ya karya haƙarƙari uku, ita da kanta ta yi ta yi masa faɗa har ya yarda ta sa masa ƙusa. Bai ko kashe inji ba, ya ɗaga gilashin hularsa yana murmushi.

"Sannu da aiki, Solange. Allah ya saka miki, kin fitar da mu."

"Juya, Normand. Mai ƙusa ba ya wucewa."

Ya ɗauka wasa take. Da ya ga ba ta matsa ba sai murmushin ya gushe.

"Wace irin magana ce wannan? Wajen 'yata zan je fa. Ke kika sa mini su! Ke kika ce in ban sa ba wata rana gawata za a ɗauko!"

"Ni ce. Kuma har yanzu gaskiya na faɗa maka." Ta nuna masa baya da hannu. "Juya ka bi ta bayan dutse. In ba ka so, kawo gareji ran Litinin in cire maka, ba sai ka biya ba."

Normand ya faɗi wata magana da bai taɓa faɗa a gaban mace ba, ya ja babur ɗinsa gefe. Solange ba ta bi shi da kallo ba. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin na huɗu, nan ma aikinta ne.